Bayan Sallama Babu Ƙari: Darasi Daga Kamfanonin Wayar Ingila

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, duk wanda ya taɓa shiga kasuwa a ƙasar nan ya san wata ƙa'ida wadda ba a rubuta ta a littafi ba, amma kowa yana kiyaye ta. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita. Da zarar mai kaya ya ce ya sallama, to, magana ta ƙare. Ko da farashin kayan ya tashi kafin la'asar, ba shi da bakin da zai bi mai saye gida ya ce a ƙaro masa, in kuwa ya yi haka, 'yan'uwansa 'yan kasuwa ne za su fara kunyata shi tun kafin ƙara ta kai gaban sarkin kasuwa. Wannan ƙa'ida da mai tallan goro ya sani, ita ce manyan kamfanonin waya da na intanet suka yi wa hawan ƙawara a ƙasar Birtaniya, wadda muka fi sani da Ingila, da rana tsaka, a gaban hukuma, shekara da shekaru. Mun ga ya wajaba mu bayyana yadda suka yi, domin dabarar da jari-hujja ya gwada a London ba ta daɗewa ba ta sauka a Legas ba, kuma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

A can Ingila yawancin masu intanet a gida, da ɗimbin masu wayar hannu, ba kati suke saye kamar mu ba. Yarjejeniya suke sa wa hannu, ta wata 18 ko wata 24, a riƙa cire kuɗi daga asusunsu na banki kowane wata. Mai saye ya ɗaure kansa cewa ba zai tafi ba sai wa'adi ya cika, in kuwa ya nemi tafiya kafin nan, sai ya biya abin da suke kira kuɗin fita da wuri, watau kuɗin watannin da suka rage, a ɗebe masa ɗan abin da kamfani ya huta da kashewa. Mai hankali zai zaci cewa tunda mai saye ya ɗaure kansa da wa'adi, shi ma kamfani ya ɗaure kansa da farashi. Ashe igiyar ƙafa ɗaya aka ɗaura wa.

Tun watan Janairu na 2014 hukumar da ke sa ido kan harkar sadarwa a can, mai suna Ofcom, ta kafa doka cewa in kamfani ya ƙara kuɗin wata ana tsakiyar yarjejeniya, sai ya ba da sanarwar kwana 30, mai saye kuma yana da ikon fita ba tare da biyan ko kwabo ba. Amma aka bar wata kafa: in tun ranar sa hannu an rubuta cewa za a yi ƙarin, to, ba a ɗauke shi sauyi ba. Sai da bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarar 2020 kamfanin BT da reshensa EE suka shigar da wani sharaɗi cikin takardunsu, cewa kowace shekara kuɗin wata zai ƙaru da gwargwadon hauhawar farashi ta ƙasa, bisa ma'aunin da suke kira CPI, sa'an nan a ɗora kashi 3.9 cikin 100 a kai. Daga baya Vodafone da Three suka bi sahu, O2 kuwa ya zaɓi wani ma'aunin da ake kira RPI, wanda a bisa al'ada ya fi na farko tashi, shi ma ya ɗora nasa kashi 3.9 ɗin. Kamfanonin da aka ce abokan gasa ne, sai ga shi duk sun tsaya a kan adadi guda, kamar ɗalibai masu kwafar amsa daga takarda ɗaya.

Sa'ad da hauhawar farashi take ƙasa, mutane ba su ji zafin abin sosai ba. Amma a watan Oktoba na 2022 ta kai kashi 11.1 cikin 100, abin da ƙasar ba ta gani ba cikin shekara 40. Da bazarar 2023 ta kama, masu hulɗa da BT da EE da Vodafone da Three suka wayi gari da ƙarin kashi 14.4 cikin 100, na O2 kuwa aka ɗora musu kashi 17.3 a kan kuɗin kira da data. A 2024 aka sake ƙara kashi 7.9 a ɓangaren farko, kashi 8.8 a ɗaya ɓangaren. Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da kuɗin wuta da na gas da na abinci suka shaƙe wuyan talakan ƙasar, har ma'aikatan jinya da malaman makaranta suka shiga yajin aiki a kan albashin da ya kasa bin farashi.

To, bari mu yi lissafi irin na aji, domin mu ga yadda tarkon yake kamawa. A ɗauka wani ya sa hannu a watan Oktoba na 2022 a kan fam 30 kowane wata har wata 24. A Afrilu na 2023 kuɗin ya koma fam 34 da kwabo 32. A Afrilu na 2024 ya koma fam 37 da kwabo 3. Watau kafin wa'adi ya cika, abin da aka sallama masa a fam 30 ya tashi da fiye da kashi 23 cikin 100, alhali kuwa layin da yake samu shi ne dai na ranar farko. In ya haƙura ya zauna, jimillar ƙarin da zai biya cikin watanni 18 da suka rage kimanin fam 94 ce. In kuwa ya fusata ya ce zai tafi a Afrilu na 2023, sai a kawo masa lissafin waɗannan watanni 18, abin da ya haura fam 600 kafin a yi masa ragi. Wane ne zai biya ɗaruruwa domin ya tsere wa 94? Babu. Kamfani ya san da haka, kuma a kan haka ya gina lissafinsa. Ƙarin farashi shi kaɗai da bai yi tasiri ba, don mutane za su gudu. Kuɗin fita shi ne ƙyauren da aka rufe domin a yi musu aski a tsanake.

Daɗin daɗawa, cikin takardun waɗansu kamfanonin an rubuta cewa ko da hauhawar farashi ta faɗi ƙasa da sifili, ba za a rage wa mai saye kome ba, za dai a ɗora masa kashi 3.9 ɗin nan. In kasuwa ta tashi mai saye ne ya ɗauki nauyi, in ta faɗi kamfani ne ya ci riba. Ita kanta Ofcom da ta bincika, ta gano cewa fiye da rabin masu hulɗa da kamfanonin ba su ma san abin da CPI da RPI suke aunawa ba, kuma a watan Afrilu na 2024 kimanin mutum 6 cikin 10 suna ɗaure da irin wannan sharaɗi. Turawa ne fa, takardar kuma da harshensu aka rubuta ta. Amma ko da a ce sun gane, mece ce ribar ganewar? Babban bankin ƙasar da kansa, da duk masanansa, bai hango cewa hauhawar za ta kai inda ta kai ba. Mutum ba ya iya yarda da farashin da shi da mai sayarwa duk ba su san shi ba ranar ciniki. Sa hannu a kan irin wannan takarda sayen kifi a ruwa ne.

Kada kuma a zaci kuɗin fitar nan da gaskiya ake lissafa shi kullum. A watan Nuwamba na 2018 Ofcom ta ci tarar Virgin Media fam miliyan 7, ta ci tarar EE fam miliyan 6.3, saboda sun caji masu fita da wuri fiye da abin da ya halatta. Kimanin mutum 82,000 abin ya shafa a Virgin Media, kimanin 400,000 kuma aka aika wa da lissafin da ya wuce ƙa'ida a EE. Wanda ya riƙe makulli, ya riƙe alƙalami, shi ne kuma yake yanke kuɗin buɗe ƙofa, ai ba abin mamaki ba ne in hannunsa ya yi nauyi.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma adalci ne mu kawo ta kafin mu rushe ta. Sun ce suna kashe biliyoyin fam wajen shimfiɗa wayar gilashi ƙarƙashin ƙasa da kafa turakun zamani, sun ce datar da mutane ke sha tana ninkuwa, kuma su ma kuɗin wuta da albashin ma'aikata sun tashi a kansu. Duk mun ji. Amma wa ya fi sanin abin da aikin zai ci, kamfani mai ɗaruruwan akantoci ko kuwa tsohuwa mai karɓar fansho? In kamfani ya san fam 30 ba za ta riƙe shi wata 24 ba, sai ya ce fam 34 tun ranar farko, mai saye ya duba aljihunsa ya karɓa ko ya wuce gaba. Dalilin da ya sa ba su yin haka a fili yake: ƙaramin farashi ake rubutawa da manyan baƙaƙe a allon talla domin a janyo mutum, ainihin farashin kuwa sai ya shiga ya zauna. Game da kuɗin fita, mun yarda cewa wanda aka ba wayar hannu bashi, ko aka kashe kuɗi aka ja masa waya har gida, lalle ne ya biya ragowar abin da aka kashe masa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma biyansa wajibi ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin aikin da ba za a yi ba, daga hannun mutumin da aka sauya wa sharaɗi bayan sallama.

Shin me hukuma ta yi? Ta fara bincike a Fabrairu na 2023, ta kawo shawara a Disamba, ta yanke hukunci a Yuli na 2024, dokar kuma ba ta fara aiki ba sai ranar 17 ga Janairu, 2025, a kan sababbin yarjejeniyoyi kaɗai. Kafin nan an riga an kwashe girbi biyu mafi tsoka. Hukuncin ma bai hana ƙari a tsakiyar wa'adi ba. Cewa ya yi kawai a rubuta shi da fam da kwabo tun ranar sa hannu. Tun ma kafin a yanke hukuncin BT da EE suka ce fam 1 da kwabo 50 kowane wata a kan wayar hannu, fam 3 a kan intanet na gida, sauran suka fito da nasu adadin. Jama'a, ku duba wanda wannan ya fi dannewa. Fam 1 da kwabo 50 a kan mai biyan fam 50 kashi 3 ne cikin 100, amma a kan mai biyan fam 10 kashi 15 ne. Mai ƙaramin ƙarfi, wanda ya zaɓi tsari mafi araha don shi ne iyakar ikonsa, shi aka fi yi wa nauyi. Sa'an nan a Oktoba na 2025 O2 ya sanar da waɗanda ya riga ya ƙulla da su cewa ƙarin da ya rubuta musu na fam 1 da kwabo 80 zai koma fam 2 da kwabo 50 daga Afrilu na 2026, ya ba su kwana 30 su fita in ba su so. Ofcom ta ce ba ta ji daɗi ba. Rashin jin daɗin hukuma kuwa bai taɓa mayar wa kowa da kwabonsa ba. A cikin wannan shekara ce kuma Vodafone da Three suka haɗe, manyan masu turaku suka ragu daga 4 zuwa 3, ƙofofin gudu suka ƙara raguwa.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu, mu da muke sayen kati a bakin titi? Ruwanmu da yawa. Na farko, 'yan'uwanmu masu zuwa karatun digiri na biyu a Ingila, wanda galibi shekara ɗaya ne, suna iya sa hannu a kan yarjejeniyar wata 24 ba su ankara ba, ranar komowa gida su tarar da lissafin shekara guda yana jiransu. Na biyu, jarin nan ba shi da ƙasa. A shekarar 2024 gidan Bharti na Indiya, wanda shi ne ke da rinjaye a kamfanin Airtel na Afirka, ya sayi kashi 24.5 cikin 100 na BT. Masu zama a teburin can su ne masu zama a teburin nan, kuma abin da aka koya a ɗaki guda ba a mantawa da shi in an shiga na biyu.

Na uku, kwana 3 kacal bayan dokar Ofcom ta fara aiki, watau ranar 20 ga Janairu, 2025, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Su kashi 100 suka nema. Hujjarsu ita ce ba a taɓa farashin ba tun 2013, darajar naira ta faɗi bayan 2023, man dizal da ake zuba wa turaku ya yi tsada, har MTN na Nijeriya ya bayyana asarar kimanin naira biliyan 400 a 2024. Wannan gaskiya ce, ba mu musa ba. Amma gaskiya ce kuma cewa mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yuli na 2024 naira 70,000 ne, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 cikin 100 a Disamban wannan shekara. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. A Fabrairu na 2025 wani tsarin data na mako na MTN ya tashi daga naira 2,000 zuwa 6,000, ninki uku ke nan, sai da jama'a suka yi caa sannan kamfanin ya ba da haƙuri. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa ta sa ranar zanga-zanga, daga baya ta janye bayan zama da gwamnati. A rabin farko na 2025 kuwa MTN ya koma cin ribar fiye da naira biliyan 400. Ramin da canjin kuɗi ya haƙa, da aljihun ɗalibi da na ƙaramin ma'aikaci aka cike shi cikin wata 6.

Kuɗin fita ma muna da irin namu, sai dai bai zo da wannan suna ba. Lambar wayarmu an ɗaure ta da asusun banki da lambar zama ɗan ƙasa, da ita ake aiko mana da albashi da sakamakon jarrabawa. Ko da yake tun Afrilu na 2013 doka ta ba mutum ikon ƙaura da lambarsa zuwa wani kamfani, ina zai ƙaura alhali kamfanoni 2 ne ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na layukan ƙasar, a ƙauyuka da yawa kuma turke ɗaya ne tak yake kamawa? Akwatin intanet da mutum ya saya da kuɗinsa sau da yawa a kulle yake, ba ya karɓar layin wani. Datar da ya biya tana ƙonewa in wa'adi ya cika. Ga kuma wayoyin bashi da suka fara yawa, waɗanda ake kullewa daga nesa in biya ya yi jinkiri. Misali mafi bayyana shi ne na Starlink, wanda ya shigo ƙasar nan a Janairu na 2023. Bayan mutane sun zuba ɗaruruwan dubban naira sun sayi na'urarsa, wadda ba ta aiki da kowa sai shi, a Oktoba na 2024 ya ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000. NCC ta ce ba da izninta ba, kamfanin ya dakatar da ƙarin a lokacin. Wannan ya nuna mana abu biyu: na'urar da ka saya ita ce kuɗin fitarka, kuma hukuma tana da haƙora duk ranar da ta ga damar buɗe baki.

Saboda haka, tun kafin yarjejeniyoyin shekara da na shekara biyu su zama ruwan dare a gidajenmu da ofisoshinmu, muna kira ga NCC, da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, da Majalisar Ƙasa, su kafa waɗannan ƙa'idoji a rubuce. Farashin da aka sallama ya tsaya har wa'adi ya cika, ko wa'adin mako ne ko na shekara biyu. Kuskuren Ofcom shi ne ta tsaya a kan sanar da ƙari maimakon hana shi, kada mu maimaita. In dole ta sa kamfani ya sauya sharaɗi, mai saye ya fita kyauta, a mayar masa da ragowar abin da ya biya, a buɗe masa na'urarsa. Kuɗin fita kada ya wuce ragowar bashin na'ura ko na aikin da aka yi masa a zahiri, kuma a nuna masa lissafin dalla-dalla. A rubuta jimillar abin da zai biya daga farko har ƙarshe da naira da kwabo, cikin harshen da yake ji, Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko Fulatanci, a shafin farko. Kuma kada a sake amincewa da ƙarin farashi sai an yi zaman jin bahasi a bainar jama'a, an baje littattafan kamfanoni, wakilan ma'aikata da na ɗalibai suna zaune.

Za a ce mana ba zai yiwu ba, kasuwa za ta rushe. Mun taɓa jin wannan waƙa. Bayan wayar salula ta shigo a 2001, ana cajin mutum kuɗin minti guda cur ko da daƙiƙa 5 ya yi yana magana, kamfanonin farko kuma suka ce lissafi da daƙiƙa ba abu ne mai yiwuwa nan kusa ba. Da Globacom ya fito da shi a 2003, ba a yi nisa ba duk suka bi. Abin da ake kira ba zai yiwu ba, sau da yawa ba a so ne kawai.

Mu kuma da al'umma ta kashe kuɗinta ta koya mana karatu, akwai namu nauyin. Kada mu sa hannu ko mu danna amincewa a kan abin da ba mu karanta ba. Mu tambayi nawa ne kuɗin wata na ƙarshe, nawa ne kuɗin fita, kuma na'urar tamu ce ko ta kamfani. Mu karanta wa iyayenmu da maƙwabtanmu da ba su jin Turanci. In an cuce mu, mu kai ƙara ga kamfani a rubuce, in bai saurara ba mu buga wa NCC a lambarta ta kyauta, 622, mu ajiye shaida, mu tara ƙorafinmu wuri ɗaya ta hannun ƙungiyoyinmu, domin tsintsiya sai a ɗaure take shara. Waɗanda ke cikinmu da gobe za su zauna a kujerun waɗannan hukumomi, su riƙa tuna cewa albashinsu daga aljihun mai saye yake fitowa. Mutanen Ingila sun jira shekaru kafin hukumarsu ta motsa, da ta motsa kuma rabin magani ta ba su. Tun da sauran lokaci, mu nemi namu cikakke, gama ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.